Mai Lauje da Saniyar da Ta Daina Tafiya

A layinsu ba mai kiranta da sunan da aka raɗa mata. Mai Lauje ake ce mata, kuma ba don yabo aka fara ba. Yayan mijinta ne ya laƙaba mata don ya ba mutane dariya, ita kuwa ta karɓi sunan ta ci gaba da aikinta.

Doguwa ce, busasshiya, hannunta duk kanta. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta cika yarda da masu yawanta ba. Kafin ta san shanu ta yi aiki a masana'antar bulo da ke can bayan gari, tana jido ruwa tana shayar da bulo. A lokacin tana goyon 'yarta ta fari. Da ƙafa take zuwa, da ƙafa take dawowa. Tana cin abinci kamar kowa, amma nono ya ƙafe mata tun yarinyar ba ta fara rarrafe ba. Mata suka yi ta kawo mata magunguna, ba wanda ya yi aiki. Sai da injin bulo ya lalace aka sallame su na ɗan lokaci, ta zauna a gida, sannan nonon ya dawo da kansa. Ba wanda ya yi mata bayani. Ta dai riƙe a ranta cewa abin da mutum ya ci, ƙafa ce take fara ɗiban rabonta.

Shanun gidan gadon mahaifin mijinta ne, ba a raba ba. Mijin direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a kan titi bisa a kan gadonsa. Don haka magana ta Yaya ce, babban wansu, shi yake kora shanun kiwo, shi yake yanke hukunci. A zamanin mahaifinsu wurin kiwo yana nan bayan katanga. Yanzu bayan katanga gidaje ne, sai gidan mai, sai makaranta, sai wasu gidajen. Shanu sai sun bi gefen kwalta, sun tsallake gada, sun wuce masana'antar bulon nan da ta ƙafar da nonon Mai Lauje, kafin su ga abin sa wa a baki. A rani kuwa abin bai wuce busasshen kara da ciyawar da rana ta gama tsotsewa ba. Da yamma su dawo ciki a cike, hantsa a yamushe.

Yaya yana da doka guda da ba ya sauyawa: saniyar da ta haihu, har ruwa ya sauka ba ta sake ɗaukar ciki ba, ta mahauci ce. "Ba na kiwon 'yar kallo," in ji shi.

A garken akwai wata da ake kira Tsagaggiya, saboda waya ta tsaga mata kunne tun tana maraƙa. Uwarta ta mutu da wuri, Mai Lauje ce ta raine ta da bokiti da yatsa a baki. Ta girma ta fi kowace saniya madara. A wannan shekarar ta haifi 'yar maraƙa, da farko bokiti yana cika har da kumfa, daga baya ta fara narkewa. Haƙarƙari ya fito, ƙashin ƙugu ya tsaya kamar maratayin riga. Irin saniyar nan ce da idan abinci bai ishe ta ba sai ta zuba naman jikinta a bokiti. Da naman ya ƙare, madarar ma ta ja baya. Maraƙar ta zama kai da tumbi, gashi a tsaitsaye, ba ta girma ba ta mutuwa. Zancen neman bijimi kuwa ko alama babu.

Ranar da Tsagaggiya ta durƙusa a ƙofar gida tana dawowa daga kiwo, sai da aka ɗaga ta da wutsiya. Washegari da safe Mai Lauje ta kafa turke a bayan ɗakinta, ƙarƙashin bishiya, ta kewaye wurin da tsofaffin kwanon rufi, ta ja saniyar da 'yarta ta ɗaure.

Yaya ya buɗe garke, ya duba, ya ga babu ita. Ya zagayo da sandarsa.

"Matar ƙanena, me nake gani haka?"

"Saniya ce, Yaya. Ina kwana?"

"Na san saniya ce. Laifin me ta yi aka kai ta kurkuku?"

"Ta daina tafiya daga yau."

"In ji wa?"

"In ji ƙafafunta. Jiya ai kai ka ɗaga ta."

Ya buga sandar a ƙasa. "Saniya da tafiya aka halicce ta. Babanmu bai taɓa ɗaure saniya mai lafiya ba. Ko kin fi shi sanin shanu ne?"

"Baba bai taɓa kai su bayan gada ba. Yaya, abinci idan ya shiga cikin saniya layi ake yi masa. Numfashi ya ɗiba, ƙafa ta ɗiba, nono ya ɗiba, mahaifa ce a ƙarshen layi. Abin da take samowa a can, a hanya take zubar da shi kafin ta iso."

"To, malama. Wa zai kawo mata ciyawar? Aljanu?"

"Ni."

Ya yi dariya har sai da ya dafa kwanon. "To ki ji. Tunda kin fitar da ita daga garke, ba ta da rabo a dusar garke, ba ta da rabo a kwamin ruwa. Bijimina kuma ko inuwarsa ba za ta gani ba. Ruwa na sauka mahauci zai zo, kin san doka. Mu gani, Mai Lauje."

Ta ɗauko laujen daga jikin bango, ta gwada kaifinsa da babban yatsa, ta wuce ta gabansa.

Aikin ba abin ba da labari ba ne, wahala ce kawai. Da sanyin safiya tana gefen magudanar ruwa tana yankar ɗanyar ciyawa, ta ɗaure dami ta ɗora a kai. Da hantsi tana kasuwar kayan lambu tana kwashe ganyen da masu kaya suka zubar, tana tsince leda da ruɓaɓɓe. Da rana tana wurin mai injin niƙa, ta share masa ɗaki ta wanke masa buhuna, shi kuma ya bar mata dusar da ta zube. Mai gonar wake ya ba ta harawa bayan ta taya shi roro. Ruwa kuwa daga famfon bakin titi, jarka bayan jarka, don ta lura saniya mai shayarwa idan ruwa ya gaza ko abincin ba ta ci sosai.

Ba ta zuba abincin haka kawai. Ta gane cewa cika ciki daban, ƙoshi daban. Damin busasshen kara zai kumbura saniya kamar ganga ya bar ta da yunwa, tafin dusa mai kyau da harawa ya fi shi aiki. Ranar da ta samu dusa da yawa ta zuba mata duka, saniyar ta wuni da zawo ba ta tuƙa. Daga ranar ta koma ba ta kaɗan-kaɗan, ciyawa a gaba, dusa a baya. Ta rage tatsa, ta bar wa maraƙar rabonta, ta kuma ajiye mata ɗan kwanonta na dusa mai laushi, don mai girma ma yana da nasa layin: abin da ya rage bayan numfashi shi yake zama ƙashi da tsoka.

Facalarta, matar Yaya, mace mai jiki da son raha, takan leƙo ta saman kwano.

"Ke dai kin ga ta kanki. Saniya tana kwance a inuwa tana tuƙa kamar matar mai kuɗi, ke kina yawo a rana. Anya ba ke za a kai wa mahaucin ba?"

"Ba zai saya ba. Ƙashi ne zalla."

"Wallahi kuwa. Ga wannan, ki zuba mata, ɓawon dankali ne. Kada ki ce ni na ba ki, mutumin nan har cikin barci yana zancenki."

Mijin ya bugo waya daga wani gari mai nisa, ana jin ƙarar motoci a bayansa.

"Yaya ya ce kin raba garke."

"Ban raba ba. Na ɗaure saniya."

"Ki bi shi a hankali mana, babba ne. Ki ba shi haƙuri a wuce wurin."

"Haƙuri na ba shi kullum da safe, tare da gaisuwa. Saniya ce ba zan ba shi ba. Kai motarka idan ka ɗora mata kaya ka hau dutse, man da take sha ɗaya ne da na tsayuwa a gareji?"

Sai ya ce layin wayar ba shi da kyau.

A layi yara da manya suka kama sunan. "Mai Lauje, ina kwanan gimbiya?" Sai ta wuce da daminta. Wuyanta ya riƙe, da kyar take juya shi. Zanin da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma yana zagaye ta har da saura. Ita ta san lissafin: tafiyar ba ɓacewa ta yi ba, daga ƙafa huɗu ta dawo kan ƙafa biyu. Amma ita ba ta shayarwa, kuma ba wanda ya ce zai yanka ta idan ruwa ya sauka.

A hankali ramin da ke gindin wutsiyar Tsagaggiya ya fara cikewa. Gashinta ya kwanta, ya soma sheƙi. Madara ta dawo. Maraƙar ta fara tsalle-tsalle tana ture bokiti, ƙafafunta suka miƙe, kan ya daina yi mata yawa. Amma dokar Yaya ba ta madara ba ce, ta ciki ce. Gajimare ya fara haɗuwa da yamma. Mahauci ya biyo ta layin, ya tsaya ya leƙa ta saman kwano, ya ƙare wa saniyar kallo.

"Sannu da ƙoƙari, Hajiya. Kin gyara min ita."

"Cire hannunka daga kwanona," ta ce.

Bayan 'yan kwanaki Tsagaggiya ta ƙi abinci. Ta yi ta kuka, tana zagaye turke, tana ɗaga wutsiya, tana neman hawa maraƙarta. Mai Lauje ta ajiye damin da ke kanta ta tsaya tana kallo. Layin ya kai kan mahaifa. Abin kuma ba ya daɗewa, idan ya wuce sai wani zagayen, kafin nan ruwa ya sauka.

Ba ta iya roƙo ba, amma ta je. Ta samu Yaya yana gyara igiya a bakin garke, ta rusuna ta gaishe shi.

"Yaya, saniyar tana neman bijimi."

"Na ji kukanta. Ai unguwa duk ta ji."

"A ara min shi."

Bai ɗago ba. "Lauje ya yi mata kiwo, lauje ya yi mata ciki."

Ta miƙe ta koma. Facala ta biyo ta tana cewa ta bari a sa baki, ta ce a'a, ta faɗa sau ɗaya, ya isa. Abin da ta yi kawai shi ne ta matsar da turken zuwa jikin kwanon da ke kallon hanya, inda iska take fita. Ta ce inuwa ta fi yawa a can.

Da safe Yaya ya buɗe garke. Shanu suka fito a jere, kai a ƙasa, sun san nisan da ke gabansu. A tsakiyarsu akwai bijimin, Mai Tozo, malalacin da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba ko da mota ta yi masa ƙaho. Da suka zo daidai bayan ɗakin Mai Lauje sai ya tsaya. Ya ɗaga hanci sama, ya yage leɓe. Duk garken babu saniyar da ta ba shi aiki tun farkon rani, don ba wadda abincinta ya kai ƙarshen layi. Tsagaggiya ta yi kuka daga ciki.

"Kai! Wuce!" Yaya ya ɗaga sanda.

Mai Tozo ya sa ƙirji ya bi ta kan kwanon kamar takarda. Ƙarar ta fito da mutanen layi. Yaya ya ruga yana ihu, ya kama wutsiya, bijimin ya ja shi har cikin kashin shanu. Facala tana bakin ƙofa tana dariya har da riƙe ciki.

Mai Lauje tana zaune a kan jarka tana wasa laujenta a dutse. Ba ta tashi ba.

"Ke kika shirya wannan!" Yaya ya ce yana haki, rigarsa duk ta ɓaci.

"Ka ce ba za ta ga inuwarsa ba, ban kai ta ba. Shi ya zo. Ka tambaye shi." Ta ɗaga laujen ta duba bakinsa. "Kwanon kuma bijiminka ne ya karya, Yaya. Akwai ƙusa a taga."

Ruwa ya sauka. Zagaye ya zo ya wuce, Tsagaggiya ba ta sake kuka ba, tana kwance tana tuƙa, ciki ya shiga. Mahauci ya zo kamar yadda aka saba, ya wuce bayan ɗakin Mai Lauje bai leƙa ba, ya shiga garke ya fito da wasu. Ba ta yi murna ba. Ta san su duka tun suna maruƙa, kuma ba laifinsu ba ne.

Yaya bai taɓa cewa ta yi daidai ba, ita ma ba ta jira ba. Sai wata safiya ta fito ta tarar da wata jar saniya mai sabon jego, ƙashin ƙugu a waje, an ɗaure ta a sabon turke kusa da Tsagaggiya. Yaya yana tsaye can gefe yana duban sama kamar mai neman hadari.

"Wuri ne ya yi kaɗan a garke," ya ce.

"Haka ne."

"Tunda dama kina zuwa yankan, sai ki ƙara dami ɗaya."

Ta shiga ɗaki. Da ta fito, lauje biyu ne a hannunta. Ta miƙa masa tsohon, mai ƙotar da aka ɗaure da waya.

"Wuya ɗaya gare ni, Yaya, kuma yana da mai shi. Ciyawar bakin magudana ta fi kyau kafin rana ta ɗaga. Ka taho da igiya."

Ta ɗora gammo a ka ta kama hanya, ba ta waiwaya ta ga ko ya biyo ba.