Wasiƙar da Ta Gagari Ɗan Fari

Na yi shekaru ina buga takardu a wata ƙaramar ƙungiya mai taimaka wa makiyaya da rigakafin dabbobi. Ofishinmu ɗaki biyu ne a Takur, cikin Dutse. Duk wanda ya shigo ƙungiyar, ni ke haɗa masa ambulan na maraba: wasiƙa, da katin shaida, da takardar ranakun da likitan dabbobi zai zagayo. Gidan waya bai san hanyar ruga ba, don haka direbobin tasha muke ba wa saƙon ranar kasuwa.

Wata shekara shugabanmu ya je taron bita ya dawo yana ta rawar kai. Wai an gano mutum yana son ganin sunansa, saboda haka a sa sunan sabon mamba a bayan ambulan, a sa a gaisuwa, a kuma barbaɗa shi cikin wasiƙar kamar gishiri. Ya nuna mini yadda kwamfuta ke cike gurbin da kanta. Na ce, "Yallaɓai, suna haka tsurarsa, ba Malam ba Alhaji?" Ya ce ai nan daɗin yake, mutum zai ji kamar abokinsa ne ya rubuto. Haka na buga. Ni dai ban taɓa ganin dattijon da ke neman abota da kwamfuta ba.

Cikin waɗanda suka shigo a lokacin akwai wani dattijo daga wata ruga a gefen Garki, kowa Baffa yake ce masa. Mun sha wuya kafin mu same shi, domin mutanen rugar ba sa bari a taɓa musu saniya da allura sai da yardarsa. Ga damina ta matso, ga ciwon huhu ya ɓulla a garken maƙwabta. In ya fita, shanun rugar gaba ɗaya sun fita.

Ba a jima ba direba ya dawo mana da ambulan ɗin a buɗe, katin yana ciki. Ya ce, "Hajiya, Baffa ya ce a gaishe ku, a kuma cire shi."

Raina ya ɓaci sosai. Shugaba ya fara cewa ƙila takardar ce ba ta yi ƙyalli ba. Ban tsaya sauraro ba. Washegari na ɗauki ambulan ɗin na hau motar Garki, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni.

Babban ɗan Baffa ne ya tare ni, magidanci ne, malamin firamare. Bayan mun gaisa ya ce, "Baffa ba ya karanta boko, ni ke karanta masa. Ya tara ƙannensa da surukansa a gindin tsamiya don a ji abin da ƙungiya ta ce. Ina buɗewa, layin farko sunansa. Hajiya, ni ne ɗan fari, ko a bayan idonsa bakina bai taɓa faɗin sunan nan ba. Na tsallake. Na ɗan yi gaba, ga shi kuma. Sai inda-inda nake kamar ɗan aji ɗaya. Baffa ya ce me nake ɓoye masa?"

Na ce, "Sai aka yi yaya?"

Ya ce, "Akwai wani dillalin shanu, baƙo, da ya zo ciniki. Ya karɓa ya karanta tas da ƙarfi, bai bar ko ɗaya ba. Surukai suka sunkuyar da kai. Baffa ya tashi ya shige."

Kunya ta rufe ni kamar ni ce na tsaya a gindin tsamiyar nan.

Aka yi mini iso. Na sami Baffa a kan buzu yana gyaran dabaibayi. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi iyali da dabbobi. Sannan na roƙi ya bar ni in karanta masa wasiƙar da bakina. Ya ci gaba da gyaran igiyarsa, sai na fara. Duk inda sunan yake na ce Baffa. Da na gama na ce, "Baffa, a yi haƙuri. Ba raini ba ne, inji ne ya zuba."

Ya daɗe yana murza igiyar. Can ya miƙo hannu, na sa masa katin.

Ya ce, "Likita ya zo ya yi wa shanun allura. Su ba su yi mini komai ba."

Na fara godiya, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "'Yar nan, ki gaya wa shugaban naku, masu ikon kirana da sunan nan duk na raka su makwancinsu. Ta ƙarshensu yayata ce, bara ta rasu. Da baƙon nan ya faɗa, sai da na waiga ina nemanta."