Wokman ɗin Yaya da Kunnen Ƙashina

Ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar na firamare, ina tsugune bakin famfo ina wanke-wanke a gidanmu na Kurmin Mashi, sai ga Yaya Nasiru ya dawo hutu daga Zariya. Wata 'yar na'ura ce maƙale a ƙugunsa, waya ta fito daga jikinta ta rabu biyu ta shige kunnuwansa, yana tafe yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Wokman, in ji shi. Tun bai ajiye jaka ba ya ce sautinta ya fi na rakodar Baba fita tas.

To, rakodar Baba ba abar wasa ba ce. Sifikunta biyu kowace ta kusa kai ni tsawo, suna tsaye a falo an lulluɓe su da farin ƙyalle, ba mai taɓa su sai shi, in ya dawo daga ofis. Idan ya sa kaset ɗin kalangu, gilasan taga har rawa suke yi. Baba ya dubi abin Yaya ya ce, "Wannan da bai fi sabulun wanki ba?" Nan take aka shirya gasa: kaset ɗaya, a saka a nan a saka a can, mu yara mu ne alƙalai.

Ni kuwa a gidan nan da kunnen ƙashi aka san ni. Umma za ta kira ni daga kicin sau uku ban motsa ba, sai dai in ji saukar ranƙwashi. "Kina ji na sarai," haka take cewa kullum. A makaranta ma na sha bulala kan haka. Na sha kuka a bayan tankin ruwa, har na yarda da kaina cewa ni yarinya ce mara jin magana.

Ƙannena suka saurara, suka ba Yaya gaskiya. Da aka zo kaina, na sa wayar a kunne, na ji makaɗin kamar a gefena yake zaune, har saukar yatsunsa kan fata. Amma na cire na ce ta Baba ta fi, domin ta Yaya ɓangare ɗaya ya mutu. Baba ya tuntsire da dariya. Yaya ya karɓa ya gwada, ya ce duka biyun suna yi. Ya musanya su, na dama ya koma hagu, ya sake sa mini. Na ce yanzu kuma wannan ne ya mutu, na nuna hagu. Ya sake musanyawa. Hagu dai.

Dariyar Baba ta ɗauke. Ya miƙa hannu ya kashe rakodarsa, abin da ban taɓa gani ya yi a tsakiyar waƙa ba. Ni dai ban ma san laifin da na yi ba. Umma ta fito da ludayi a hannu, aka gaya mata. Ta ajiye shi a ƙasa, ta toshe mini kunnen dama da tafinta mai ƙamshin albasa, ta sunkuya ta yi magana a na hagun. Ɗumin numfashinta kawai na ji. Da ta ɗago, idonta ya yi ja.

Da aka kai ni asibiti, likita ya ce hangum ɗin da na yi tun ban shiga makaranta ba ne ya tafi da kunnen. Shekara da shekaru sifikun Baba suna cika ɗaki suna rufa asirin, 'yar waya ta tona shi cikin minti ɗaya. Daga ranar Umma ba ta ƙara kirana daga nesa ba. Sai ta tako, ta zagayo ta damana.

Yau 'ya'yana suna musu kan wane iyafis, abin sauraron nan na sawa a kunne, ya fi wane, ni guda ɗaya nake sawa in bar musu ɗayan. Sai bayan rasuwar Umma ƙanwata Maryam ta gaya mini abin da duk falon ya ji a ranar ban da ni: "Ki yafe mini, 'yata." Ba ta taɓa maimaita shi a dama ba. Maganar da na fi buƙatar ji a duniya, a kunnen da ba ya ji aka faɗe ta.