Ƙarus ɗin Baba Salihu

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da muka ja koma a gonar kifin Baba Salihu ba. Ku sababbin shiga aikin kiwon kifi, ku saurara.

Gonar tana can bakin teku, iyalanmu kuma suna unguwar Nakkasa, a Makka. Ni ne shugaban masu ba da abinci, Idi mataimakina. Baba Salihu haifaffen Makka ne, jikan Kanawa. Ya tsufa yana kafinta, sannan ya zuba duk ƙarfinsa a kiwon ƙarus.

Ƙarus kifi ne na inda kogi ke haɗuwa da teku. Yana saurin girma, amma ba tare suke girma ba. Wanda ya riga ƙiba shi ke tare bakin abinci, daga nan ya fara haɗiye ƙanana. Shi ya sa ake tace su akai-akai, a ware manya daban.

Cikin Sha'aban, kifayen suna kamar tsawon yatsa, aka shafa wa gidajenmu fenti, alamar za a rushe layinmu. Na sami Baba.

Ya ce, "Ɗana, ku je ku kwashe yaranku. Kifi zai jira."

Na ce, "Baba, wannan ba ya jira."

"Halas, magana ta ƙare, na ce ku tafi."

Muka shafe makonni muna neman ɗaki. Waɗanda aka ɗauko a madadinmu sun zuba abinci kan lokaci, amma tacewa babu wanda ya koya musu.

Ranar da muka dawo muka shiga ruwa da koma. Tun jan farko na ji babu nauyi. Inda muka bar dubbai, sai 'yan tsirarun manya, ciki a kumbure. Idi ya ɗago wani matacce, wutsiyar ɗan'uwansa na leƙowa daga bakinsa. Kowane tafki haka.

Baba ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana kallon ruwa. Can ya ce, "Kun sami ɗakin?"

Na ce, "Mun samu, a unguwar Shisha."

Ya ce, "Alhamdulillahi."

Kafin Hajji aka rufe gonar. Idi ya koma Nijar. Baba bai ga azumi na gaba ba.

Abin da na koya, kiwon mai rai bai san uzurinka ba, kirkin maigida kuma ba ya hana asara. Baba ya zaɓi yaranmu a kan kifinsa, mu kuwa ko ta'aziyyarsa sai a waya muka yi, muna can muna yi wa wani aiki.