Ranar da Yaya Isiyaku Ya Ɗauki Maciji a Kasuwa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Isiyaku malamin gona, kuma har yau ban daina jin haushin yadda mutanenmu suka fahimce shi a baibai ba. Na yi niyyar in rubuta yabo kamar yadda aka saba, amma da na zauna sai takaicin ya riga yabon fitowa.

Yaya ya yi aikinsa tsakanin Rano da Kibiya, kullum yana kan babur daga Zinyau zuwa Dawaki, yana nuna wa manoma tazarar shuka da yadda ake zuba taki. Ni ƙaninsa ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin ƙauye. Maciji ba ya cikin aikin ko ɗayanmu. Abin da ya jawo shi ciki wani gajeren maciji ne mai kauri da garma kan tono a jigawa, jikinsa rawaya-rawaya da dabbare-dabbaren baƙi. Yakan nutse cikin rairayi ya bar idanu a waje yana jiran ɓera. Yaya ya ce a makarantar aikin gona an koya musu cewa sunan danginsa boa. Akwai manya-manyansu a dazuzzukan Kudancin Amurka masu kaurin mesa, akwai masu zama a kan bishiya, ga kuma wannan namu. Duk cikinsu babu mai dafi, nannaɗe abincinsu suke yi su matse. A gidanmu macijin rairayi muke ce masa.

Matsalar ita ce in ka hango shi daga nesa sai ka rantse kububuwa ce, ita kuwa kububuwa kisa take yi. Yaya yakan ce a duba wuya. Kububuwa kanta da faɗi, wuyanta siriri, in ta fusata tana goga jikinta yana ƙara kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Macijin rairayi kuwa ba ka sanin inda kai ya ƙare jiki ya fara.

Wata ranar kasuwa a Rano muna tare muka iske taro. Wani baƙo ne mai sayar da magani, da akwatin katako a gabansa. Ya zaro maciji ya ce kububuwa ce, ya bari ya sare shi a hannu, ya shafa wani gari, ya ɗaga hannun kowa ya gani. Mutane suka yi ta miƙa hannu suna karɓar ƙulli. Na ga fuskar Yaya ta canza. Na riƙe masa riga na ce, "Yaya, mu tafi, ba ruwanmu." Ya zame ya ratsa taron.

Ya yi wa mutumin sallama, ya sa hannu ya ɗauki macijin daga kan akwatin. Macijin ya ɗan cije shi a babban yatsa, jini ya fito kamar na sukar ƙaya. Ya ce, "Jama'a, kun san ni, kun san gidanmu. Ban sha komai ba, ban shafa komai ba. Wannan ba kububuwa ba ce, ba shi da dafi. Wanda kububuwa ta sara, garin nan ba zai yi masa komai ba. Ku kai shi asibiti."

Baƙon ko gezau bai yi ba. Ya yi murmushi ya ce, "To kun gani, shi ma Malam dafaffe ne. Nasa maganin ne ba ya son a sani." Wani dattijo a gefena ya girgiza kai ya ce, "Ashe haka Malam Isiyaku yake, ya ɓoye mana duk shekarun nan."

Daga ranar gidan Yaya bai ƙara rabuwa da baƙi ba. A yi sallama da sassafe, a gaisa, a yi ta kewaye-kewaye, sannan a ce a taimaka da abin nan. Ya yi bayani, ya yi rantsuwa, a tafi ana cewa rowa ce.

Cikin masu zuwa har da amininsa, Malam Hudu, manomi a Zinyau, wanda suka yi makarantar allo tare. Shi ma bai yarda ba. Ya ce, "Isiyaku, ko ni?" Ya tafi ransa a ɓace ya sayi garin baƙon nan na kasuwa. Da damina yana cikin noma kububuwa ta gaske ta sare shi a idon sawu. Ya shafa gari, ya sha jiƙo, ya kwanta a gida kwana uku. Lokacin da aka kawo shi wurina dasashinsa yana ta jini, ƙafar ta yi suntum. Ba mu da allurar dafin maciji. Na sa shi a mota zuwa birni, bai kai ba.

A wurin zaman makoki, da kunnena na ji wani yana cewa da Malam ya ba shi nasa da bai mutu ba. Yaya ma ya ji. A hanyarmu ta komawa ya tsayar da babur a ƙarƙashin wata ɗorawa. Ya ce, "Da ban taɓa macijin nan ba, da Hudu bai ɗauka akwai wani magani ba."

Bai ƙara riƙe maciji a gaban mutane ba. Sai ya zana su a jikin kwali, kububuwa a dama, macijin rairayi a hagu. Duk inda ya gama bayanin taki sai ya fito da kwalin. Ya ce kada a ɗaure ƙafa, kada a yi tsaga, kada a tsaya neman wane maciji ne, a nemi abin hawa kawai. Ya ce wanda ba shi da dafi a ƙyale shi, ɓerayen da ke cin gyaɗarku yake ci. Ana sauraronsa cikin ladabi, ana jiran ya gama a koma maganar taki.

Ciwon suga da hawan jini ne ajalinsa, ni na yi jinyarsa har ƙarshe. Duk da haka kafin a yi bakwai labari ya kai Kibiya cewa macizansa ne suka juya masa.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da zai leƙo yau. Mai maganin da a da sai ranar kasuwa ake ganinsa, yanzu yana cikin wayar kowa, yana wasa da irin wannan macijin, ana tura wa juna. Masu ilimin zamani ma suna turo mini suna tambaya ko gaskiya ne. Macijin rairayi har yau in garma ta tono shi sai an bi shi da fartanya, sannan a koma ana kukan ɓera. Allurar dafi kuwa har yanzu sai an yi tafiya kafin a same ta. Ina jin da ya sake fito da kwalinsa, don bai iya zuciya ba. Ni ne mai zuciyar.

Da na auna abin da ya rage na wahalarsa, na daɗe ina ganin babu. Sai daminar bara, na je gaishe da wani abokin aiki a babban asibiti, na iske wata mata daga Dawaki tana jinyar mijinta. Kububuwa ce ta sare shi a gona. 'Yan'uwansa sun riga sun aika a kira wanzami ya yi tsaga, ita kuwa ta tare mai a-daidaita-sahu ta ce sai dai a tafi da shi yanzu. Aka yi ta yi mata faɗa, ba ta saurara ba. An yi masa allura a kan lokaci.

Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce mahaifinta, shi kuma a wurin Malam Isiyaku ya ji. Na ce mata ni ƙaninsa ne, na kuma tambaye ta ko mahaifin nata ya yarda cewa Yaya ba shi da wani magani.

Ta ce, "A'a, Malam. Baba har ya rasu ya yarda yana da shi. Cewa yake yi, in mai maganin da kansa ya ce a tafi asibiti, to a tafi."

Ban san ko Yaya dariya zai yi ko tsaki ba. Ni dai tsakin na yi, sannan na ɗaga mayafi na duba ƙafar mijinta. Kumburin ya fara sauka. Allah Ya jiƙan Isiyaku da Hudu, Ya haɗa su a inda babu sauran rashin fahimta.