Gonar da Ba Ta Bakin Titi

Bayan na bar gidan rediyo, na yi wata huɗu ina yi wa wata ƙungiyar agaji tafinta a Gusau. Sun zo raba irin gero da dawa mai saurin nuna. Kafin a raba ko tiya guda, sai da muka yi kwana uku a otal ana koya mana wata na'ura mai kamar faranti. Ƙa'idarta ɗaya ce: ba ta karɓar sunan manomi sai an tsaya da ita a tsakiyar gonarsa ta ɗauki wurin. Wai don a hana ƙarya.

Ƙungiyar tana da wata ƙa'idar kuma a wani littafi daban: motarmu ba ta sauka daga kwalta, saboda 'yan bindiga. Ban ga alamar wanda ya rubuta ta farkon ya taɓa gaisawa da wanda ya rubuta ta biyun ba.

A Tsafe wani dattijo ya same mu a gindin darbejiya. An ƙone masa rumbu har da irin da ya ajiye, ga damina ta kawo kai. Gonarsa tafiyar awa guda ce a babur. Jami'inmu, mai digiri biyu wanda ba ya jin Hausa, ya ce in faɗa masa sai mun taka gonar.

"To mu tafi," in ji dattijon. "Da hantsi 'yan bindigar ba su fitowa."

"Baba, an hana mu barin titi."

"To ba ni farantin in kai shi in dawo."

Na fassara. Jami'in ya yi dariya, ya ce kayan ofis ne.

"Malam, tambaye shi, farantin ne zai yi shukar ko ni?"

Wannan kam ban fassara ba.

A hanyar Bungudu muka cika adadin da ake so, inda gonakin bakin titi ke hannun manyan ma'aikata da 'yan kasuwar Gusau. Na'urar ta karɓe su ba gardama. Wani darakta mai ritaya har lemo ya ba mu.

Ranar rabo dattijon ya zo Gusau a motar haya, ya zauna a bakin ƙofa tun safe. Jami'in ya duba, ya ce babu sunansa, sannan ya miƙa masa takardar ƙorafi, shafi biyu, da Turanci. Dattijon ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ce mini akwai tiya uku na gero da suka rage wa iyalinsa na ci, su zai shuka.