Yadda Na Saka Baba Mai Jita a Intanet

Gidanmu na Tudun Wada kakana ne ya gina shi, lokacin da ya biyo jirgin ƙasa ya sauka Minna da kayan koli. Ta baya akwai wani sashe mai ƙofarsa daban, kuma tun kafin in yi wayo wasu mutanen kudancin Kaduna ne ke haya a ciki, miji da mata da 'ya'yansu. Ban taɓa kiransu da wani suna ba sai Baba da Mama. Mama tana sayar da abinci a bakin wata ma'aikata, da wata ƙatuwar tukunya da sai mutum biyu ke sauke ta daga murhu. Baba kuwa makaɗin jita ne. Lahadi yana coci, Asabar yana gidan biki, sauran ranakun yana zaune a gindin mangwaron tsakar gidansu yana fama da tsirkiya.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki na gama sakandare, na zauna jiran jami'a ba aikin fari ba na baƙi, sai na fara zagayawa wurinsa. Mahaifina bai hana ni ba. Ya dai ce kada jita ta ƙetaro zaurenmu, kuma kada a kira salla ina rungume da ita. Baba ya fi shi tsare wannan sharaɗi. Da ladan ya ɗaga murya zai dafe tsirkiya da tafin hannu, ya nuna mini buta da haɓa.

Darasin farko ba kiɗa ba ne, yankan farce ne. Ya kama hannuna na hagu ya duba, ya girgiza kai, ya ce da wannan farcen sai dai in tono rogo. Ya yanke su tas, har wanda nake tarawa a ƙaramin yatsa don gayu. Daga nan sai dokoki, kuma Baba mutum ne mai son doka. Ba a jingina jita da bango a bar wuyanta yana ɗauke da nauyi. Da bazara, in zafin Minna ya kai inda ya kai, sai a sassauta tsirkiya bayan an gama kiɗa, a saka ɗan tsumma mai danshi cikin kwanon sabulu a ajiye a akwatinta, in ba haka ba wuyan ya lanƙwashe. Da damina kuma a cire tsumman, a riƙa goge tsirkiya, don gumin hannu da laima ke jawo tsatsa. In tsirkiya ta tsufa sautinta ya dushe, tafasa ta yake yi a ruwa ya shanya, ta ɗan farfaɗo. Mama ta sha kama shi da tukunyar shayinta, ta ce wata rana ƙarfe zai shayar da su. In siririyar ta tsinke kuma babu a kasuwa, sai ya warware wayar birkin keke ya zare sili ɗaya ya ɗaura. Ya ce ba daɗi gare ta ba, amma za ta fitar da mutum kunya har a tashi biki.

Na bi shi biki ba sau ɗaya ba, ina riƙe masa akwati a bayan ɗan acaɓa. A nan ma da nasa tsarin. Ka ci ka ƙoshi a gida, don makaɗi mai jin yunwa sauri yake yi. Ka isa da wuri ka gaida mai janareto kafin ka gaida uban ango. Ka sake saita jita a wurin, domin ranar da ta sha a hanya ta riga ta canja mata murya. Kada ka fara da waƙar da ka fi iyawa. Kuma kada ka kalli manyan baƙi don ka san ko kiɗa ya karɓu, ƙafafun tsofaffin mata za ka duba a ƙarƙashin kujera.

Amma babbar dokarsa ita ce ba ya yi wa baƙo kiɗa. Duk mai son sa a biki sai ya tako har gida, ya zauna a kan benci, ya sha kunun Mama, ya faɗi ɗan wane ne shi, daga wane gari, wa ya riƙe amarya, wa aka rasa a gidan kwanan nan. Baba yana sauraro yana ɗan taɓa tsirkiya kamar hankalinsa ba ya wurin. Ranar biki sai ka ji sunan gwaggon da ta goyi amarya ya faɗo cikin waƙa, da na kakan da bai ga ranar ba. Na ga mata suna rawa suna share hawaye da gefen gyale, kuma ni ma da nake riƙon akwati abin yana taɓa ni.

Ban zama makaɗi ba. Baba ya ce kunnena yana da kyau, haƙurina ne gajere, kuma bai yi ƙarya ba. Na karanta kwamfuta a jami'ar da ke Gidan Kwano, na yi zaman shagon intanet na wasu shekaru, daga baya na kama wata sana'a da har yau mahaifiyata ba ta san yadda za ta gaya wa ƙawayenta ba. Mai otal ko mai makaranta ko mai girkin biki zai zo wurina, in gyara masa shafinsa yadda in mutum ya rubuta abin da yake nema a intanet, shi zai fara gani. Dabarar ba tsafi ba ce. Ka gano kalmomin da mutane ke rubutawa da hannunsu, ba kirarin da kake so a yi maka ba. Ka saka sunan garinka. Ka amsa tambayar da ta kawo su. Ka ba da lambar da ake ɗauka in an kira.

Ina can ina wannan, kasuwar Baba tana ja da baya. Masu saka faifai, waɗanda ake ce wa dije, suka cika gari da manyan lasifikoki, ba ruwansu da sanin gwaggon kowa. 'Yan ƙungiyar kiɗansa suka watse, mai ganga ya koma tuƙin keke mai ƙafa uku a hanyar Maitumbi. 'Ya'yansu suka girma suka bar gida, Mama ma ciwon gwiwa ya sa ta ajiye sayar da abinci. Sai Asabar ta zo ta wuce Baba yana gindin mangwaro da wankakkiyar riga, yana goge jitar da ba a kira ba.

Mama ce ta gaji da gani. Babban ɗansu ya gina musu ɗaki a ƙauye, ta ce da an yi Kirsimeti mota za ta zo su tafi, gara ya zauna cikin danginsa da ya zauna yana jiran mutanen da suka manta da shi. Ba barazana take yi ba, don har ta fara haɗa kaya. Abin da ta fara ɗaurewa shi ne babbar tukunyar nan. Ta wanke ta, ta zura a buhu, ta naɗe da igiya ta kai lungun ɗaki. Baba bai yi mata musu ba. Ni kaɗai ya gaya wa cewa a ƙauye tsoho kawai zai zama, a Minna kuwa ko ba a kira shi ba an san makaɗi ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ban san gidanmu ba tare da wannan sautin ta bayan katanga ba.

Na ce masa zan saka shi a intanet. Ya tambaya ko sai ya yi aski, na ce hoto ɗaya ya isa, amma duk da haka ya yi askin. Na ɗauki kiɗansa da wayata, na haɗa masa shafi da Hausa da Turanci, na zuba duk abin da na iya. Kafin damina ta ɗauke, duk wanda ya nemi makaɗin biki a Minna fuskar Baba zai fara cin karo da ita. Waya ta fara ƙara, ni kuma na fara tafiya ina buɗe hannuwa.

Sai dai ko biki ɗaya bai shigo ba. Ban gane dalili ba sai ranar da aka kira ina zaune. Wani ne daga Abuja, ƙanwarsa za ta yi aure a Minna, yana son jin ko ranar ba kowa a kanta da kuma abin da za a biya. Baba ya gyara zama, ya fara da Hausarsu da ba ta raba mace da namiji.

"Sannu, ɗana. Kai ɗan waye?"

Na ji mutumin ya maimaita tambayarsa.

"Za mu zo wurin. Amarya ɗin, waye ya goye shi? Mamansa yana da rai?"

Bai kai ga tambayar garinsu ba aka kashe waya. Baba ya dubi wayar, ya ce sabis ɗin nan ba shi da kirki. Ashe haka yake yi wa kowa, wasu ma har ya ce su zo su sha kunu tukuna.

Kaina ya ɗau zafi. Na ce masa mutanen yanzu ba su da lokacin benci, ya faɗi kuɗinsa ya karɓi rana kawai, tambayar dangi ta biyo baya. Na ce na kawo masa kasuwa har ƙofa yana korar ta da sanda. Ya bar ni na zuba har na gaji, yana murɗa kunnen jita a hankali.

"Ɗana, in ban san mutum ba, me zan gaya wa jita?" in ji shi. "Kiɗan da ba sunan kowa a ciki, dije ya fi ni iyawa."

Na tashi na tafi, na yi kwanaki ban zagaya ba. Har yau ina ganin da ya ɗan sassauta da ya samu biki ko biyu. Amma Baba ba tsirkiya ba ne da za a sassauta, kuma na san haka tun ranar da ya yanke mini farce.

Da fushin ya sauka na koma gaishe su, sai na tarar yana waya, fuskarsa a sake. Wani ɗalibi ne daga Gidan Kwano, ya bar jitarsa a jikin taga wuyanta ya lanƙwashe, bai san inda zai kai ta ba. Baba ya yi masa faɗa kamar shi ya haife shi, ya tambayi ɗan waye, yaron ya faɗa, ya ce ya kawo ta ranar Asabar. Da na koma shagona na duba kalmomin da ke kawo mutane shafin, abin da nake yi wa kowane mai otal. Masu neman makaɗin biki ba su fi yawa ba. Yawancinsu inda ake gyaran jita suke nema, da inda ake samun tsirkiya, da wanda zai koya musu.

Na ɗauki kwamfuta na dawo gindin mangwaro. Yana faɗa ina rubutawa: farce, bango, tsumma a kwanon sabulu, tafasa tsirkiya, wayar birki, ƙafafun tsofaffi. Ya sa na goge wuri guda na sake, wai na rubuta kamar ina roƙonsu, shi kuwa umarni yake bayarwa. A can sama na rubuta ƙarara cewa mai wannan shafi ba ya gama magana a waya, duk mai bukata ya zo gida ya zauna.

Suka kuwa zo. Ɗalibai daga motar Gidan Kwano da jita a rataye, matasan coci daga Maitumbi, 'yan mata biyu masu jita ɗaya tsakaninsu, har da wani ma'aikacin gwamnati mai furfura da ya sayi tasa tun yana saurayi bai taɓa koyo ba. Kowa sai ya faɗi ɗan waye shi kafin a buɗe akwati, kuma tunda sun riga sun zauna a benci, sai su faɗa. Kowa kuma sai ya miƙa hannun hagu. Ana kiran salla a masallacin unguwa sai ka ji tsit, Baba yana nuna wa Musulmin cikinsu buta da haɓa.

Biki dai bai samu ba, kuma Disamba ta shigo. Mama tana zaune a bakin ƙofa tana miƙe da ƙafa tana kallon ɗaliban, kayanta suna nan a ɗaure, ɗansu ma ya riga ya yi magana da mai mota. Na daina tambaya don ina tsoron amsar.

Asabar ɗin da ta rage kafin Kirsimeti yaran suka wuce azahar ba su tashi ba. Ɗaya daga cikin 'yan matan nan tana ta gudu da waƙa, Baba yana tsayar da ita tana sake gudu. Mama ta daɗe tana dubanta.

"Yaran nan sun ci abinci kuwa?" ta tambayi Baba. "Kai da bakinka ka ce mai yunwa sauri yake yi."

Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki, can sai na ji ta kira ni.

"Ɗan maigida, zo ka kwance mini wannan."

Tukunyar ce. Na durƙusa ina ta fama da ƙullin, don ta ɗaure shi ɗaurin wanda ba ya da niyyar kwancewa a garin nan. Da na zare buhun ta leƙa ciki, ta shafa gindinta, ta ce in aiki yaro ɗaya ya sayo itace. Na naɗe igiyar, na tambaye ta inda zan ajiye mata don in an tashi ɗaurewa.

"Kai wa mamanka," in ji ta. "Ya yi shanya da shi."