Yarinyar da Ban Rubuta Ba

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da na sallami mota da 'yar mutane a ciki, ba uwa ba uba. Ku da kuka kama aiki kwanan nan nake ba wa labarin, don na ji kuna gunagunin wai na cika naci a kan rubuta yara.

A lokacin ina shekara ta tara a teburin rubutu na tasharmu da ke bakin Sabon Gari, ɗan taku kaɗan daga tashar jirgin ƙasa. Ga wanda bai san tsarin ba, motoci layi suke bi, kuma ta gaba ba ta tashi sai ta cika. 'Yan kamasho su kira fasinja su ɗaure kaya, ni kuma in rubuta sunan kowa da lambar wayarsa da inda zai sauka. Da zarar na bugi bayan mota na ce Allah ya kiyaye hanya, shi ke nan ta tafi. Sama da mu akwai sakatare, sama da shi ciyaman. Yara kuwa ba a rubuta su. Wanda bai isa kujera ba, cinya ce kujerarsa, kuma kowace cinya aka samu ta yi. Haka muka tarar ana yi.

Malam Tajuddin mai gyaran rediyo da fanka ne a cikin kasuwa. Iyayensa mutanen Ilori ne, amma shi a nan unguwar Kwaciri aka yanke masa cibiya. Matarsa 'yar wani ƙauye ce a bayan Kazaure, kuma kakarta da ta rene ta ba ta taɓa ganin 'ya'yansu ba. Sai ya shirya kai su kwana biyu a hutun makaranta.

Ban taɓa ganin mai shirin tafiya irinsa ba. Ran Litinin ya zo tambayar ƙarfe nawa motar farko ke tashi. Ran Laraba ya dawo, wai wane gefe rana ke duka da safe, kuma ko direba zai tsaya idan fitsari ya kama yaro. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi da takarda cike da rubutu: ruwa, leda, lemon tsami saboda amai, gidan sauro, maganin zazzaɓi, burodin tsaraba.

Na ce, "Malam, wai Kazaure za ka ko Makka?"

Ya ce, "Malam Inuwa, ai mai zuwa Makka ya fi ni hutu, shi ba ya ɗaukar yara uku. Kai dai ka ajiye min layin kujerun baya gaba ɗaya."

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Amma ban gaya wa 'yan kamasho ba, na sha'afa.

Ran Asabar da hantsi suka iso: shi, da matarsa da jaririya a goye, da Mubarak ɗan shekara uku, da babbar, Hikima, 'yar shekara biyar. Ina rubuta sunan iyayen sai ta ɗage a kan yatsun ƙafa, ta ɗora haɓa a teburina.

"Baba mai biro, ni ma ka rubuta ni. Na iya sunana."

Na yi dariya na ce, "Sai kin girma, Hajiya."

Uban ya tafi sayen burodi. Kafin ya dawo 'yan kamasho sun cika layin bayan motar farko, suka tura uwar tsakiya. Tana fama da goyo ga Mubarak na kuka, sai wata tsohuwa mai shuɗin mayafi da ke jikin taga ta ce, "Miƙo min babbar, 'yata, ki ji da ƙananan." Ta miƙa.

Malam Tajuddin na dawowa ya haɗe rai. "Ba haka muka yi da kai ba." Kunya ta kama ni, na ce a mayar da su mota ta biyu. Aka shiga sauke kaya, direba na danna oda, fasinja na ƙorafin zafi. Shi uban yana ƙirga jakunkuna da takardarsa a hannu, bakwai cif. Ita uwar ta sauko da ƙananan biyu tana lallashi. Wasu mutum biyu suka faɗa gurbinsu, na soke suna biyu na rubuta biyu, na duba takardata na ga ta cika. Na bugi bayan mota.

An fi rabin awa kafin uwar ta leƙo ta tagar mota ta biyu ta ce, "Baban Hikima, ba ta ruwa ta sha." Ya ce, "Wa? Ba tana wajenki ba?"

Ba na fatan in sake jin irin salatin da matar nan ta yi. Tashar ta kaɗe. Wasu suka nufi bayan gida, wasu bakin titi, wasu suka yi wajen layin dogo. Malam Tajuddin ya shiga kasuwa a guje ya fito, ya sake shiga, har yanzu takardar nan na hannunsa. Uwar ta ruɗe, sai da aka zaunar da ita aka yayyafa mata ruwa sannan ta tuna. "Tsohuwar! Ban karɓe ta ba!"

Na kira direban sau biyar, waya a kashe. Na duba sunan tsohuwar, gabansa na rubuta "babu waya". Na bi sauran lambobin. Ta farko ba ta cika ba, ni na yi mata rubutun gaggawa. Ta biyu wani mahauci a Zariya ya ɗauka. Gumi na ta ɗiga a kan takardar.

Ciyaman ya fito daga ofis, bai ɗaga murya ba. "Inuwa, mutum nawa ka sallama?"

"Goma, ranka ya daɗe."

"Rai nawa?"

Na duba takardata, babu yarinyar a ciki.

Ya ce, "Motarsu ta tashi yanzu ko ba ta cika ba, kai ma ka shiga. Kada ka dawo min nan sai da yarinya."

Muna kan hanya ina ta kira. Lamba ta shida ta shiga, wata malamar makaranta ce. Ta ce e, akwai yarinya, barci ta yi a ƙarƙashin mayafin tsohuwa, ita kuma tsohuwar ta ɗauka uwar baya ta koma. Sai da ta zo sauka a wata mararraba gab da Dambatta ta ce uwar yarinya ta karɓi abinta, kowa ya kalli kowa. Direba ya ce a bar masa ita ya kai ofishin tashar Kazaure, tsohuwa ta ƙi, ta sauka da ita. Daga nan waya ta katse.

Wannan labari bai sanyaya mana rai ba. Wace mararraba? Idan ta hau babur ta shige ƙauyensu fa? Malam Tajuddin ya ƙi jingina da kujera, kowace bishiya sai ya ce a rage gudu. Layin bayan da ya yi mako yana nema ga shi nasu ne su kaɗai, da gurbin Hikima ba kowa a jikin taga. Ni ko waiwaye na kasa yi.

Mararraba ta uku muka hango shuɗin mayafi a gindin darbejiya. Tsohuwa na zaune a kan ƙullin kayanta, Hikima a cinyarta tana shan rake. Uwar ta dire tun mota ba ta gama tsayawa ba.

Tsohuwa ta ce, "Masu babur huɗu na kora. A hannu aka ba ni ita, a hannu zan mayar. Na san duk uwar da ta haifi wannan, ta nan za ta biyo." Sannan ta dube mu, mu maza. "Ku kuma, kun ƙirga jaka ba ku ƙirga ɗa ba."

Malam Tajuddin ya durƙusa, sai ya ɗauko burodin tsarabar nan gaba ɗaya ya ajiye a gabanta.

Abin da na koya shi ne, aikin nan a kan amanar mutane yake tafiya, kuma yawancinsu suna riƙewa. Amma kirkin tsohuwa ba tsarin aiki ba ne, sa'a ce muka yi. Tun ranar na ja layin yara a takardata, ina rubuta kowa ko jaririn jiya ne, da sunan wanda yake cinyarsa.

Ran Litinin suka dawo ta tasharmu. Hikima ta zo ta ɗora haɓa a teburina ta ce, "Baba mai biro, ai na ce ka rubuta ni."

Ban yi dariya ba. Na juya mata takardar, na miƙa mata biron.